Ranar da Na Tashi 'Yanta Bawan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara zuwa Birmingham gaida mahaifin Falmata ba, ko da kuwa na so in manta, don akwai masu tuna mini.

A lokacin ina wata na huɗu a wani kwas da nake yi a kwalejin unguwarmu, kan nazarin ƙabilu da adalci a zaman tare. Da safe ina jera kaya a wani kanti a unguwar Gorton ta Manchester, da yamma ina aji ina gyara duniya. Wata huɗu kacal, amma in ka ji ni sai ka rantse ni na rubuta littattafan. Malamarmu ta ce mana duk wanda ya ga zalunci ya yi shiru, da hannunsa a ciki. Daga ranar kowa ya shiga uku. Umma ta taɓa cewa maƙwabtanmu 'yan ƙasa kaza sun cika hayaniya, na zaunar da ita na yi mata bayani na minti arba'in. (Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in fitar da shara.)

Ina ɗan shekara bakwai aka kawo ni Manchester daga Kano. Hausa dai na iya, don Umma ba ta amsa Turanci a gida, amma ta kicin ce da ta aike. Ban taɓa zama inda dattawa ke hira ba.

Shekara biyu ina neman Falmata kafin mahaifinta, Alhaji Bukar, mutumin Maiduguri, ya ce in zo ya gan ni. In na yi masa, manyana su zo. In ban yi masa ba, shi ke nan, kuma an ce ya riga ya sallami biyu kafin ni. A waya Falmata ta ce, "Please, ka gaishe shi, ka amsa abin da ya tambaye ka. That's it." Na ce haba, ai ni ne.

Na isa gidansu a Sparkhill da babbar rigar aro, na zauna a ƙasa, na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Komai na tafiya daidai, har wani dattijo dogo siriri ya yi sallama. Malam Buba sunansa.

"Yauwa, ga bawana ya iso!" in ji Alhaji. "Bafulatani, ka jiyo ƙamshin abinci ko? Cire takalmin nan, kada ka kwaso mini kashin shanu a kafet."

Dattijon ya yi murmushi kawai ya zauna.

"Zuba wa baƙo shayi, aikinka ne. Da goro uku kakana ya sayi kakansa, kuma har yau muna ganin an cuce mu."

Wallahi sai tsohon nan ya ɗauki buta ya zuba mini shayi. Wannan ai shi ne darasinmu na makon jiya: wanda aka danne har ya saba, yana murmushi. Ga shi a gabana da ransa, riƙe da buta.

Sai na miƙe tsaye. A falon suruki. Cikin rigar aro.

"Baba, with all respect, ba zan iya yin shiru ba."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na tabo tarihin bauta, na tabo ƙabilanci, na ce mu ne kullum ke kukan Turawa na nuna mana wariya, amma ga abin da muke yi wa junanmu. (Wannan jimlar ta burge ni sosai, har na maimaita ta.) Sannan na juya wajen Malam Buba, na sassauta murya don tausayi. "Baba, ba dole ne ka jure wannan ba. Akwai inda ake kai ƙara. Zan iya taya ka cike form."

A bayan ƙofa na ji cokali ya faɗi.

Malam Buba ya ajiye butar a hankali. "Yaro, wa ya ce maka ni ne bawan?"

Ya nuna Alhaji da yatsa.

"Ka ga zanen da ke fuskarsa? Mu muka yi masa shaida, yadda muke yi wa shanunmu, don kada ya ɓace. Shekara talatin ina kiwon Babarbaren nan a Birmingham. Yau ɗaya na raga masa don kada in kunyata shi a gaban suruki, shi ne ka tashi ka gaskata ƙaryarsa?"

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Ka ji ko? Ɗan kwaleji ma ya tabbatar! Yaro, ba shi form ɗin ya cike."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A hanyar fita Falmata ta tare ni, idonta jawur, ban san na kuka ne ko na dariya ba. Ita ta yi mini bayanin abin da kowane yaro a gida ya sani: Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sannan ta ƙara da wanda ya fi zafi. Tun ranar sunanta Alhaji ya ba Malam Buba ita, shi ne waliyyinta. Wato amincewar da nake nema tana hannun mutumin da na yi wa tayin cike takarda.

Saƙon Malam Buba ya zo washegari: sai ya yi tunani.

Wata uku yana tunani. Duk Asabar ina bin mota daga Manchester zuwa gidansa a Sparkbrook, in durƙusa in gaishe shi, ya tambaye ni ya karatu da wata irin murya, sannan ya ba ni nasa darasin: wa ke wasa da wa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, mu Kanawa da Zagezagi. Ni kuma kullum ina komawa da fargabar Falmata ta kuɓuce mini saboda bakina.

Daga ƙarshe ya ce ya amince, da sharaɗi ɗaya: in gyara ɓarnar da na yi, a inda na yi ta.

Haka aka koma falon nan. Ni, ɗalibin adalci, mai jan layi a ƙarƙashin kalmomi, na durƙusa a gaban mahaifin matar da zan aura, na ɗaga murya na shaida cewa Barebari bayin Fulani ne, kuma shi Alhaji Bukar na Malam Buba ne halak malak.

"Madalla," in ji Malam Buba. "Na ba ka 'yar bawana."

Kwas dai na gama shi, kuma har yanzu ina ganin bai kamata a yi shiru kan zalunci ba. Sai dai yanzu in na ga tsofaffi biyu suna zagin juna, nakan fara duba ko kwano ɗaya suke ci. In ɗaya ne, sai in sa hannu in yi shiru.