Halleluyar da Na Rera Cikin Azumi

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin farko ta azumin kwana arba'in, a shekarar da aka kai ni ɗakin miji ba. Ko yanzu na tuna, sai na rufe fuska don kunya.

Ni 'yar wajen Rimin Gado ce, kuma a cocinmu na gida ni ke ba da waƙa, mata na amshi. Murya kam Allah ya ba ni (nutsuwa ce aka raba ba na nan). Da aka aurar da ni wani ƙauye a bayan Bici, cikin dangin Katolika, sai na tarar mai ba su waƙa ta bi mijinta Kano, ana neman wadda za ta ja waƙar Ista. Malama Rahila, shugabar mawaƙa, ta ce za ta saurari kowa cikin azumi kafin ta zaɓa. Ni a raina na riga na zaɓi kaina, har na ware zanin da zan ɗaura.

Ranar Larabar Toka, wato ranar da ake fara azumin, surukata, Inna Saratu, ta miƙo mini tsohon littafin waƙoƙinta, bangonsa duk ya ci ɗinki. Ta ce, "Amarya, mu nan azumi ba na ciki kaɗai ba ne. Kowa kan ɗauki waƙa guda ya riƙa juya kalmominta a zuciya har Ista. Akwai kuma abin da muke ajiyewa…" Ta ci gaba da bayani. Na ce "To, Inna" ya fi sau biyar, amma ko kalma ban ji ba, ina can ina tunanin yadda zan karya murya.

Abu guda na lura da shi tun zuwana: kafin Fada, limamin cocin, ya karanta Bishara, kowa kan miƙe a rera Halleluya da ganga da caki. Na ce yauwa, nan zan nuna musu. Kwana uku ina gwaji a bayan rumbu ina ɓarar gyaɗa, ƙasa-ƙasa don kada a sace mini salo. Awaki ne kaɗai suka ji, su kuwa ba su gargaɗe ni ba.

Ranar Lahadi na ga an kife ganga a lungu an rufe da buhu. Mai hankali da ya yi tambaya. Ni cewa na yi ya ma fi, yau babu abin da zai danne muryata.

Fada ya miƙe, jama'a suka miƙe. Malama Rahila ta ɗaga hannu, kafin ta sauke na runtse ido na saki Halleluya. Na ja ta, na lanƙwasa ta, na rufe da guɗa. Na tsaya jiran amshi. Shiru. Na ɗauka daɗi ne ya kashe musu jiki, wallahi sai na sake ta, da ƙarfi fiye da na farko.

Da na buɗe ido, Fada na ƙirga kusoshin kwanon rufi. Maigidana a layin maza ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi (silifa ne a ƙafarsa). Inna ta jawo bakin zanina ta raɗa mini, "Ita ce abin da muke ajiyewa. Ba a faɗinta sai Ista." Na so ƙasa ta tsage in shige, ko in bi gangar nan cikin buhu.

Washegari a bakin famfo, Hajiya Binta da gidanta ke jikin coci ta tare ni. "Amarya, ashe ke ce jiya? Ko ni na san ba kwa wannan sai kun gama azumi. Har na ce wa Alhaji Istar bana ta yi sammako, kada a ɗora tuwo, shinkafar Saratu na tafe!"

Sauran makonnin a bencin baya na yi su, ni da littafin Inna. Na ɗauki wata waƙa mai sanyi a kan tawali'u, kuma a karo na farko a rayuwata na ji abin da waƙa ke faɗa, ba yadda nake fitowa a cikinta ba.

Safiyar Ista Malama Rahila ta ba wata jan waƙa, ni ta danƙa mini caki. Ta ce, "Ke ai kin riga kin ci taki Istar."

Tun daga ranar, in babba ya ce "akwai kuma", nakan saurara har ƙarshe. A coci kuwa ba na buɗe baki sai na ga Inna ta buɗe nata.