Ranar da Na Ja Sale Kamar Sa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama manajan ƙanena Sale ba. Ni dillalin shanu ne, kuma ba yabon kai ba, daga Shanono har Dawakin Tofa babu wanda ya taɓa ƙwarata a ciniki. Shi kuwa Sale ɗan dambe ne, irin na bayan kaka, wanda ake fasa wa baki ya dawo gida da ɗan abin da 'yan kallo suka liƙa masa.

Sai ga wani kamfani ya zo neman 'yan damben da zai kai Legas, faɗan nan na cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Kwantiragin shekara guda ne, kuma mutum biyu kacal za su ɗauka. Na ce, "Sale, kai dai ka rufe bakinka. Ciniki nawa ne."

Wakilinsu, wani matashi Malam Nura, ya tara 'yan dambe a wani ɗaki ya yi bayani dalla-dalla: akwai kuɗin shiga keji, akwai ƙari in an yi nasara, asibiti kuma a kansu. Da ya faɗi adadin, wallahi ya fi kuɗin bijimin da na sayar da Sallah. Amma dillali ba ya nuna zumuɗi. Na taɓe baki na ce, "Albarka!"

Ya ce, "Alhaji, farashin kamfani ne, ba ni da ikon ƙara ko sisi." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.)

A kara, wato kasuwar shanu, in mai saye ya taurare, jan igiyar sanka kake ka yi gaba, shi zai biyo ka da gudu. Sai na miƙe, na damƙi hannun Sale, na ja shi waje ina taku ɗai-ɗai. Na raɗa masa, "Kar ka waiwaya, yanzu za ka ji an kira mu."

Muka kai bakin ƙofa, shiru. Muka kai gindin dalbejiya, shiru. Na tsuguna ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Can muka ji tafi: wani yaro ɗan unguwar Bacirawa ya sa hannu, kuma an kira na bayansa.

Sale ya fizge hannunsa, idonsa ya yi ja. "Yaya, sa in bai sayu ba ka mai da shi gida ka zuba masa harawa. Ni fa? In koma a ci gaba da fasa min haƙora a banza?"

Jama'a, da gudu na koma, babbar riga na tashi sama. Na ratsa 'yan dambe, na durƙusa gaban yaron da na girma nesa ba kusa ba, na ce, "Ranka ya daɗe, mun sallama!"

Ya ce, "Alhaji, ba ka ce albarka ba?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Allah ya taimake ni na biyun ya faɗi gwajin likita, Sale ya samu gurbin, a kan farashin farko, ko ficika ba a ƙara ba.

Har gobe ni gwani ne a kara, wannan babu musu. Amma na koyi cewa kafin ka ce albarka, ka fara duba ko naka haƙoran za a fasa.