Gammona a gaban surukai

Akwai wata safiyar Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so.

Ɗiyata Hadiza, mai karatu a unguwar Lamorde, ita ta shigo mana da wani keke da ta samo a kasuwar Katako. Taya ɗaya gare shi, ba abin riƙo, sai feda da sirdi. Ranar da na ga ta zagaya tsakar gida a kansa, hannuwa a buɗe, baya a miƙe, sai da tuwona ya kama ƙauri. Ikon Allah! Yarinyar da na goya ce ke tafiya bisa abin da ko tsayuwa ba ya iya yi shi kaɗai.

Na ce a raina, ni da na koyi rubuta sunana a yaƙi da jahilci bayan haihuwa biyar, wannan ma bari in taɓa. Kullum in maigida ya fita, sai in sa wando ƙarƙashin zane, in dafa bango in hau.

Ba faɗuwa ta dame ni ba, sirdin ne. Siriri ne, ga tauri, kuma duk nauyin mutum a kansa yake sauka (nawa kuwa, alhamdulillahi, ba kaɗan ba ne). Kwana uku na koma tafiya kamar agwagwa. Hadiza ta ce, "Inna, ki riƙa sauka kina hutawa, a hankali jiki ke sabawa." Ban ji ba. Na naɗe tsohon zane na yi gammo, irin wanda muke ɗaukar tulu da shi a Tawa, na cusa cikin wando.

Ranar Larabar ina cikin hawa sai na ji sallama. Gwaggonnin saurayin Hadiza ne daga Tondibiya, sun zo ganin irin gidan da ɗansu ke neman aure. Na wurga keken bayan randa, na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, ina ta natsuwa don su ga gidan kamala. Na duƙa zan miƙa kwano ke nan, gammon ya sulale ta ƙafar wando, ya gangara, ya tsaya daidai gaban babbarsu, Hajiya.

Ta ɗauka, ta juya shi, ta dube ni. "Uwar Hadiza, ku mutanen Tawa ta can kuke ɗaukar kaya?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce shi ke nan, na ɓata wa ɗiyata aure, za su ce gidan 'yan wasa ne. Da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji, na faɗi gaskiya.

Hajiya ta ce a fito da abin, a kira yarinyar. Hadiza ta fito tana sunkuyar da kai, ta hau. Ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya cak a wuri ɗaya kamar an rataye ta da zare. Ba wadda ta yi dariya. Hajiya ta rufe baki da mayafi tana ta kabbara da Zabarmanci, sannan ta ce, "Wadda ta iya zama kan wannan, gidanmu ba zai kayar da ita ba."

An yi auren, keken ya zauna wurina. Yanzu ina kaiwa daga bango har randa ba dafawa, kuma duk haɗuwarmu Hajiya sai ta tambayi lafiyar gammo. Na dai koyi jin maganar ɗiyata, na kuma koyi sa wa ƙofa sakata kafin in hau.