Rasuwar Butar da Take Tofar da Fulogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kofin shayi wanda ya huce, iyalan Malam Baballe na Gyadi-Gyadi suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar butarsu ta lantarki, wadda aka fi sani da Hajiya Babba. Ta cika da hantsin ranar Talata, a kan teburinta na kullum, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. Kakanninta su ne butocin lantarki na farko, waɗanda aka ɓoye wa ƙarfen zafi a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin gindinsu, don haka kafin su tafasa ruwa mai murhun itace ya sha shayinsa ya wanke kofi. A zamaninta ne aka waye, aka naɗe ƙarfen aka sa shi tsundum cikin ruwan. Ta iso Kano tun Malam Baballe yana da gashi a ka, cikin kayan ɗakin matarsa marigayiya Iyatu, jikinta na ƙarfe yana sheƙi, mariƙinta baƙi wuluk.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da haƙuri da riƙon zafi. Amma za a faɗi gaskiya ko da a kan mamaci: ba ta san ta kashe kanta ba. Idan ta tafasa sai ta yi ta tafasa, har sai wani ya tashi ya kula ta. In kuwa aka yi banza da ita har ruwanta ya ƙone, akwai wani ƙarfe a bayanta da yake cilla fulogi waje, fau! Da wannan fushin ta taɓa fasa madubi, ta kuma sa wani baƙo daga Babban Giji ya fita ba takalmi.

Saboda wannan hali nata, dole sai da mai tsaro. Da Iyatu ta rasu, kunnen Malam Baballe kuma ya yi nauyi, sai aikin ya faɗa kan maƙwabcinsa Malam Ishaku, tsohon malamin makaranta mutumin Kafanchan, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu. Kullum da safe zai shigo da burodinsa, ya zauna ya kasa kunne. Ta fara da shiiii, ta koma ƙur-ƙur-ƙur, murfinta ya kama kwas-kwas, sai ya ɗaga yatsa, Malam Baballe ya kashe. A tsakanin shiiii da kwas-kwas ɗin nan suka gyara ƙasar nan sau ba adadi, suka aurar da 'ya'ya, suka yi gulmar duk wanda ya cancanta.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne ranar da Malam Ishaku ya shigo da wata butar roba mai kashe kanta da kanta, kyautar 'yarsa Lydia. Alheri ya yi nufi. Malam Baballe kuwa abin da ya ji shi ne an gaji da zama da shi. Ya ce, "To Malam, ka ɗauki robarka. Wanda ya gaji da tsofaffi ai ba sai ya kawo musu magaji ba." Malam Ishaku ya ɗauki robarsa, ya haɗa da ƙafarsa. Makonni suka shuɗe sai dai gaisuwar ɗaga hannu. Malam Baballe ya riƙa zama shi kaɗai yana zura wa murfi ido. Kewar abokinsa ta dame shi ƙwarai, amma girman kai ya hana shi taka ƙofar da ke kusa da tasa.

Ranar Talatar, ya jona ta sai aka ɗauke wuta. Ya bar ta a jone ya fita ƙofar gida shan iska. Aka dawo da wuta bai sani ba. Baiwar Allah ta yi shiiii, ta yi ƙur-ƙur, ta yi kwas-kwas har ta gaji, ba wanda ya zo. Da ƙarfinta na ƙarshe ta cilla fulogi ya daki ƙyauren taga, fau! Kafin ƙarar ta lafa sai ga Malam Ishaku ya wuce Malam Baballe a guje, da singileti, takalmi ƙafa ɗaya, yana cewa, "Tun ɗazu take kira, kai kana nan kana ƙirga A Daidaita Sahu!" Ashe duk makonnin nan ta bayan katanga yake sauraronta kowace safiya.

Su biyun suka garzaya da ita wurin mai gyara a kasuwar Tarauni. Ya leƙa cikinta, ya girgiza kai, ya ce ƙarfen ya ƙone, kuma irinsa ko a Sabon Gari sai dai labari.

Ta rasu ta bar kofunan tangaran uku, ɗaya ba hannu, da rariyar shayi, da tabon tururi a bango, da tsofaffi biyu waɗanda suka dawo daga Tarauni a kujera ɗaya ta A Daidaita Sahu.

An naɗe ta da tsohon zanin Iyatu, za a kai ta makwancinta a saman kabad gobe da safe. Ana roƙon 'yan gwangwan da kada su wahalar da kansu da zuwa ta'aziyya. Za a yi zaman makoki a zauren Malam Baballe, da shayi daga butar roba, wadda aka karɓa bisa gwaji. Malam Baballe ya ce shi fa bai yarda da wannan kashe kan nata ba, dole a sami mai kunne ya riƙa sauraronta. Malam Ishaku, wanda ya san sarai ba ta buƙatar kowa, ya ce gaskiya ne, waɗannan na zamani ba a sakin jiki da su. Saboda haka iyalan ba su sa ranar tashi daga makoki ba.