Ranar da Farfesa Prusak Ya Juya Duniya

A duk Halifax babu wanda ya san laka kamar Farfesa Alden Prusak, kuma abin burgewa, bai taɓa bari ta ɓata masa riga ba. Jirgi ne ke zuwa tekun ƙanƙara ya haƙo ta cikin dogon bututu, a yanka gaɓa-gaɓa. Noreen Boutilier, wadda ta shekara ashirin a ɗakin gwaji, ita ke aunawa. Shi kuwa Sarkin Laka nasa sa hannu a takarda. Lakar nan tana riƙe da tarihin inda allurar kamfas, na'urar nuna arewa, ke kallo tun zamanin da, kuma burinsa ɗaya ne tak: ya gano wani lokaci da maganaɗisun duniya ya kauce hanya, a raɗa wa lokacin sunansa.

Ranar da 'yan jarida suka zo, sai ya naɗe hannun riga.

"Matsa, Noreen. Yau hannun gwani zai yi aiki."

Ya suri gaɓa guda ya zura a na'ura, idonsa na kan kyamara. Sai ga sakamako: arewa ta koma kudu! Bawan Allah har da ƙwalla.

"Shekara dubu arba'in duniya na ɓoye wannan sirri, tana jiran wanda ya isa," in ji shi.

"Farfesa, ko mu sake aunawa?" in ji Noreen.

"Ke dai aikinki wanke bututu. Bar wa manya tarihi."

A taron masana na Montreal ya yi awa guda yana zuba bayani a kan "Juyin Prusak". Da ya gama, wata tsohuwar masaniya daga Norway ta ɗaga hannu.

"Farfesa, juyin nan naka, tsawonsa nawa a cikin lakar?"

"Mita ɗaya da rabi cif!"

"Ikon Allah. Daidai tsawon gaɓa guda ke nan. Ya fara inda aka yanka, ya ƙare inda aka yanka. To, duniya ce ta juya, ko bututun?"

Sai dariya ta ɓarke a ɗakin. Ashe kai a ƙasa gwanin ya zura gaɓar a na'ura.

Amma kada a ce bai cim ma burinsa ba, don sunansa ya zauna a bakin masana har Alaska. Yanzu duk wanda ya ɗauki bututu a ɗakin gwaji, sai Noreen ta ce, ko ɗago kai ba ta yi:

"Duba sama da ƙasa tukuna. Kada ka yi mana Prusak."