Kumfar da ta kore ni daga aiki

Na daɗe ina zaman kashe wando a Villeurbanne, a ƙasar Faransa, kafin wata mashaya a Lyon ta kira ni gwajin aikin barman, wato mai zuba wa baƙi abin sha. Ban taɓa shan giya ba, amma a Damagaram ni ne gwanin shayin fadarmu. Na ce zubi ai zubi ne.

Wani dattijo ya nemi giya. Na ɗaga kwalba sama da kaina, na tsiyayo cikin kofi kamar shayi. Kumfa ta yi tozo, ta malale har hannun rigarsa, ni kuwa ina murmushi, ina jiran yabo.

Patron, mai mashayar, bai yi faɗa ba, ƙofa kawai ya nuna mini.

Tsautsayi ya sa na ba abokan ɗakina labari. Har yau ba aiki, kuma ko ruwa zan zuba sai su ja da baya: "Malam Kumfa, a hankali!"