Tatsuniyar da na kunna wa surukina

Shekarar da hayaƙi ya turnuƙe Kuala Lumpur har aka rufe makarantu, surukina Alhaji ya zo daga Kano ganin likita, ya sauka gidana a unguwar Wangsa Maju. Fita yawo da shi ba ta yiwuwa, sai na ce bari in samo masa abin kallo.

Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina ji da kaina. A kasuwar Chow Kit na ɗauki wani faifan fim, na haɗa manyan baƙaƙen da kaina: tatsuniyoyin Turawan da. A jikin kwalin ga jaki, ga mata cikin riguna har ƙasa. Mai shagon ya ce, "Boss, ka karanta bayan kwalin kuwa?" Na ce masa da mai ilimi yake magana. Ƙananan rubutu dai ba mu kai nan ba a aji.

Na zaunar da Alhaji a gaba, na ce, "Baba, mutanen da, ko a Turai, akwai kunya."

Wani manomi a fim ɗin yana fita gona, matarsa ta fito da wani ƙato daga cikin randa. Rigar nan tata ba ta jira sallama ba, sai ga ta a ƙasa. Na danna rimot da sauri, ashe murya na ƙara. Matata ta ruga kicin.

Alhaji ya goge tabarau a hankali, ya ce, "Malam, karatu ya yi albarka."

Abin da na rasa uku ne: rimot, ikon zuwa Chow Kit ni kaɗai, da sallamata. In na kira Kano na ce salamu alaikum, ƙannen matata sai su amsa, "Ta zo mu ji ta."